Henry Flipper, hafsan barikin duwatsu

Gundumar da shanu suka fi mutane yawa

Can yammacin jihar Teksas, cikin ƙasar Amurka, kusa da iyakar Meksiko, akwai wata gunduma da ake ce ma Jeff Davis. Ƙasa ce ta hamada da duwatsu. Faɗinta murabba'in kilometir 5.866 ne, amma ƙidayar da aka yi cikin shekara ta 2020 ta nuna mutum 1.996 kaɗai ke zaune cikinta. Wani ƙauye guda na Maraɗi ko na Damagaram ya fi ta jama'a. Garuruwanta biyu ne tak, Fort Davis da Valentine. Sauran duk makiyaya ce, sai gidajen masu kiwon shanu jefi-jefi.

Duwatsun wurin dogaye ne ƙwarai. Wanda ya fi duka tsawo shi ne Livermore, metir 2.554, ya ɗara dutsen Bagzan na ƙasar Abzin. Saboda tudu, zafi bai cika tsananta ba kamar a sauran hamada. Damana takan faɗi daga watan Yuli zuwa Satumba. Da hunturu kuwa, wata shekara har ƙanƙara takan rufe ƙasa fari fat. Wata ƙorama mai suna Limpia tana ratsa duwatsun. A hamada, inda ruwa yake nan matafiyi yake bi, shi ya sa tsohuwar hanyar da ta tashi daga San Antonio zuwa El Paso ta biyo ta bakin ƙoramar.

Tun da aka gano zinariya a Kaliforniya cikin 1848, sai matafiya suka yi ta bin wannan hanya da kekunan shanu da na dawaki. To, ƙasar tana da masu ita tun da daɗewa, wato ƙabilun Apaci da Komanci, kuma ba su yi murna da baƙin ba. Don tsaron hanya, cikin 1854 gwamnati ta kafa barikin soja a bakin wani kwazazzabo, ƙarƙashin wasu baƙaƙen duwatsu masu kama da ganuwa. Aka sa masa sunan ministan yaƙi na lokacin, Jefferson Davis. Wannan ministan ne ya sa aka sayo raƙuma daga arewacin Afirka da Turkiyya, don a gwada ko za su yi ma soja dako cikin hamada. Cikin 1857 wani ayarin raƙuman ya yada zango a barikin.

Hafsoshi da yawa sun zauna a Fort Davis. Wanda aka fi tunawa kuwa wani saurayi ne baƙar fata, wanda ko shekara biyu bai cika a wurin ba. Sunansa Henry Ossian Flipper.

Ɗan baduku

An haifi Henry ran 21 ga watan Maris 1856, a garin Thomasville, cikin jihar Jojiya. A cikin bauta aka haife shi. Ubansa Festus bawa ne, gwanin ɗinkin takalma da gyaran kekunan dawaki. Uwarsa Isabella ita ma baiwa ce. Abin da ya ƙara musu wuya shi ne, ba ubangiji ɗaya gare su ba. Festus na wani mai fataucin bayi ne, Ephraim Ponder, Isabella da jaririnta kuwa na wani limamin coci ne.

Ana nan sai Ponder ya ƙudura ƙaura zuwa birnin Atlanta da bayinsa. Da an tafi haka nan, da Festus ya rabu da matarsa da ɗansa ke nan. Ashe yana da ƴan kuɗin da ya tara daga aikin hannunsa. Ya kwashe su ya ba ubangijinsa, ya roƙe shi ya sayi matar da yaron. Da haka iyalin suka isa Atlanta tare.

A Jojiya ta wancan zamani, doka ta hana a koya ma bawa karatu. Duk da haka, lokacin da Henry yake da shekara takwas, wani bawa masassaƙi ya fara koya masa baƙaƙe da dare, a ɗakin da ake sassaƙa katako. A lokacin kuwa yaƙin basasa na ci tsakanin jihohin arewa da na kudu, kuma zancen bauta ne tushensa. Cikin 1864 sojan arewa suka ci Atlanta, wuta ta cinye babban sashen birnin. Cikin 1865 yaƙi ya ƙare, aka soke bauta a ƙasar baki ɗaya.

Festus ya kafa rumfar takalmansa, ya zama mai zaman kansa. Ƴaƴansa biyar ne, duka maza, Henry ne babba, kuma bai yi wasa da karatunsu ba. Daga baya ɗaya ya zama babban limamin coci, ɗaya likita, ɗaya malamin babbar makaranta, ɗaya kuwa ya gaji sana'ar uban. Henry ya shiga makarantun da ƴan mishan suka buɗe ma ƴantattun bayi, cikin 1869 kuma ya shiga Jami'ar Atlanta.

Shekara huɗu cikin kaɗaici

Babbar makarantar hafsoshin Amurka tana West Point, a bakin kogin Hudson, cikin jihar New York. Galibi ba a shigarta sai wani ɗan majalisa ya ba da sunan mutum. Henry ya rubuta ma ɗan majalisar yankinsu, James Freeman, wasiƙa. Freeman ya bincika, ya ga yaron haziƙi ne, ya ba da sunansa. Henry ya ci jarrabawar shiga cikin 1873, yana da shekara 17.

Kafin shi, wasu samari baƙaƙe sun shiga makarantar, amma babu wanda ya kai ƙarshe. Ya tarar da ɗaya daga cikinsu, James Webster Smith, suka zauna ɗaki guda. Shekara na kewayowa aka kori Smith, Henry ya rage shi kaɗai.

Ɗaliban fararen fata suka haɗa baki, suka yanke ba mai yi masa magana sai in aiki ya tilasta. Ba mai gaishe shi, ba mai zama hira da shi, ba mai tambayarsa lafiya. A ɗakin cin abinci, a filin fareti, a cikin aji, yana tsakiyar ɗaruruwan mutane amma kamar babu shi. Wasu in sun gamu da shi inda ba kowa sukan yi masa fara'a, da zarar ido ya yi yawa sai su kau da kai. Ba kwana ɗaya ba, ba wata ɗaya ba, shekara huɗu cur.

Henry bai rama ba, bai kuma kai ƙara ba. Ya lura cewa duk wanda ya yi fushi ya ɗaga hannu, shi za a kora. Sai ya duƙufa kan lissafi, da zane, da aikin injiniya, da Faransanci, da Sifaniyanci. Wannan Sifaniyancin, wanda ya koya don cin jarrabawa, shi ne ya ci da shi shekaru masu yawa daga baya.

Cikin watan Yuni 1877 aka yi bikin fita. Ɗalibai 76 suka gama, Henry ya zo na 50. Da aka kira sunansa ya fito karɓar takardarsa, jama'ar da ke kallo suka tafa masa. Shi ne baƙar fata na farko da ya gama West Point. A duk ƙarni na 19, mutum biyu kaɗai suka biyo sawunsa: John Alexander cikin 1887, da Charles Young cikin 1889, wanda ya rasu a Legas cikin 1922. Daga nan ba a sake samun wani ba sai 1936. Cikin 1878 Henry ya buga littafi a kan zamansa na makarantar.

Sojojin Ɓauna

Aka ba shi muƙamin ƙaramin laftana, aka tura shi runduna ta 10 ta mahaya dawaki. Cikin 1866 ne majalisa ta kafa rundunonin baƙaƙen fata. Yawancin sojansu tsofaffin bayi ne, hafsoshinsu kuwa duk farare. Ƙabilun daji suka laƙaba musu suna Sojojin Ɓauna. A cikin hafsoshin Amurka sama da dubu biyu, Flipper kaɗai ne baƙi.

Aikinsa na farko a barikin Sill ne, cikin ƙasar da yanzu ake kira Oklahoma. Ya isa a farkon 1878, ya tarar masassara tana kayar da soja, shi ma sai da ta kama shi. Kusa da barikin akwai tafkuna da ruwa ke kwanciya bayan damana. A lokacin ba a san cewa sauro ne ke kawo cutar ba, sai cikin 1897 aka tabbatar da haka. Amma kowa ya lura inda ruwa ya kwanta, nan ciwo yake. Aka ba Flipper aikin janye ruwan. Ya auna ƙasa da na'urarsa, ya fitar da hanyar da ruwa zai gangara, ya sa aka haƙa doguwar magudana har zuwa rafi. Ruwa ya bi ta, tafkuna suka ƙafe, masassara ta ja da baya. Har yau ana kiran magudanar da sunansa. Ban da wannan, ya shimfiɗa hanya, ya kuma ja wayar tangaraho tsakanin barikoki.

Shugabansa, Kaftin Nicholas Nolan, mutumin Ailan ne, ya riƙe shi da mutunci. Yakan kira shi cin abinci a gidansa. Ƴar'uwar matar kaftin, Mollie Dwyer, takan fita kilisa a kan doki tare da Flipper. A idon wasu hafsoshi, baƙar fata ya jera doki da farar mace babban laifi ne. Ba su ce komi ba a fili, amma sun riƙe abin a zuci.

Yaƙin maɓuɓɓugai

Cikin 1879 wani shugaban Apaci mai suna Victorio ya yi tawaye. Gwamnati ta so ta tsare jama'arsa a wani keɓaɓɓen wuri mai zafi da ciwo a Arizona, nesa da duwatsun kakanninsu. Victorio ya ƙi. Ya kwashi mayaƙansa da mata da yara, ya shiga duwatsu, yana ƙetara kogin Rio Grande zuwa Meksiko yana dawowa. Sama da shekara guda sojan ƙasa biyu suna bin sa ba su kama shi ba.

Cikin 1880 ya nufo yammacin Teksas. Kanal Benjamin Grierson, shugaban runduna ta 10, ya ga bin sawun Apaci cikin duwatsu kashe dawaki ne kawai. Sai ya sake dabara. Ya raba sojansa, ya tsare kowace maɓuɓɓuga da kowane kwarin da ruwa ke taruwa. Wanda ya san hamada ya san ma'anar wannan: mai riƙe da ruwa shi ke riƙe da hanya.

Flipper yana cikin wannan yaƙi. Wata rana aka ga alamar mayaƙan Victorio a bakin kogi, aka ba shi saƙo ya kai ma Grierson. Ya yi tafiyar kilometir kusan 158 a kan doki cikin awa 22. Da ya isa, gajiya ta sa ya faɗo daga kan sirdi. Sau biyu aka gwabza a bakin ruwa, a ƙarshen Yuli da farkon Agusta, Victorio bai samu shayar da dawakinsa ba, dole ya koma Meksiko. Cikin watan Oktoba 1880 sojan Meksiko suka ritsa shi a Tres Castillos, can ya mutu tare da mutanensa masu yawa.

A nan akwai abin dubawa. Sojojin da suka tsare ruwan nan jiya-jiya suka fita daga bauta, ga shi kuma an sa su korar wasu mutane daga ƙasar iyayensu. Barikin da suke tsaro kuma yana ɗauke da sunan Jefferson Davis, mutumin da ya shugabanci jihohin kudu lokacin da suka yi yaƙi don kada a ƴanta bayi. Tun daga 1867, da aka sake gina barikin bayan yaƙin basasa, har zuwa 1885, rundunonin baƙaƙen fata ne suka fi zama cikinsa.

Kuɗin cikin akwati

A ƙarshen 1880 aka kai Flipper Fort Davis. Barikin ya zama kamar ƙaramin gari. An gina shi da dutse da tubalin laka. Gidajen hafsoshi sun jeru a gefe guda na filin fareti, ɗakunan soja suna fuskantar su, asibiti yana can baya cikin kwazazzabo. Aka danƙa ma Flipper kayan bariki da ɗakin ajiyar abinci. Gari, wake, sukari, gahawa, naman gishiri, duk ta hannunsa suke bi. Hafsoshi da iyalansu sukan sayi kaya a wurinsa, shi kuwa ya tara kuɗin ya aika ma babban ofis a San Antonio.

Cikin watan Maris 1881 aka kawo sabon kumandan, Kanal William Shafter, mutum mai kaushin hali da zafin baki. Bai jima ba ya karɓe aikin kula da kayan bariki daga hannun Flipper, ya bar masa na abinci. Wasu ƴan gari da ke son Flipper suka gargaɗe shi ya yi hattara, ana haƙa masa rami. Bai ɗauki zancen da nauyi ba.

Kuɗin gwamnati a cikin akwatinsa yake ajiye su, a ɗakin kwanansa. Wannan sakaci ne, domin ɗakin ba ya rasa masu shiga da fita. Cikin watan Yuli ya zauna lissafi, sai ya ga kuɗi ba su cika ba. Gabansa ya faɗi. Ya san shi kaɗai ne baƙi a cikin hafsoshi, ya san kuma akwai masu jiran ranar da zai yi tuntuɓe. Maimakon ya je ya faɗa ma kumandan gaskiya, sai ya ɓoye. Ya rubuta takardar banki da sunansa don cike giɓin, alhali ba shi da ajiya a bankin. Yana sa ran kuɗin littafinsa za su iso kafin a farga. Ya kuma shaida ma Shafter cewa an riga an aika da kuɗin San Antonio.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Cikin watan Agusta waya ta zo daga San Antonio cewa ba a ga kuɗi ba. Ran 13 ga wata aka kama Flipper. Aka bincike ɗakinsa, aka kuma bincike mai yi masa aiki, Lucy Smith, aka samu takardun banki na kuɗi masu yawa a jikin rigarta. Shafter ya sa aka jefa shi cikin wani ƙuntataccen ɗaki na gidan wakafi, inda ake kulle ƙananan soja. Ba a saba yi ma hafsa haka ba. Da labari ya kai ga manya, suka ba da umurni a fitar da shi a tsare shi a gidansa.

Abin da ya biyo baya ya nuna irin zaman da ya yi da mutanen gari. Ƴan kasuwar Fort Davis da sauran jama'a suka yi karo-karo. Cikin ƴan kwanaki suka cike kuɗin da suka ɓata, gwamnati ba ta yi hasarar ko tamma ba. Duk da haka aka kai shi gaban kotun soja da tuhuma biyu. Ta farko, cin kuɗin gwamnati, dala 3.791. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Nijar ba, kuma a wancan zamani wannan kuɗi ya fi albashin laftana na shekara biyu. Ta biyu, yin abin da bai dace da hafsa ba.

Barikin ba shi da ɗakin shari'a, sai aka zauna a ɗakin ibada. An buɗe zama cikin Satumba, aka ɗage, aka koma cikin Nuwamba, ba a gama ba sai Disamba. Alƙalan duka hafsoshi ne farare. Wani Kaftin Merritt Barber ya tsaya ma Flipper. Ya nuna ma kotu cewa saurayin ya yi shekaru ba shi da abokin shawara ko ɗaya a cikin hafsoshi, ba shi da wanda zai je wurinsa ranar da ya shiga uku. Shafter kuwa, da aka yi ta yi masa tambayoyi, maganarsa ta riƙa saɓa ma juna.

Kotu ta wanke Flipper daga sata, kuma ba ta gano wanda ya ɗauki kuɗin ba. Amma ta same shi da laifi na biyu, saboda ƙaryar da ya yi ma shugabansa. Hukuncin wannan laifi a dokar soja kora ce. Babban lauyan soja, David Swaim, ya duba takardun, ya ba da shawara a sassauta. Shugaban ƙasa Chester Arthur bai bi shawarar ba. Ran 30 ga watan Yuni 1882 aka tuɓe ma Flipper kaki, yana da shekara 26.

Flipper ya yi ƙarya, wannan babu shakka. Sai dai a zamanin nan akwai hafsoshi farare da aka kama da cin kuɗi ƙiri-ƙiri, aka yi musu horo mai sauƙi suka ci gaba da aikinsu. Shi dai har ya mutu yana cewa makirci aka ƙulla masa, yana kuma ambaton Shafter da wasu laftanoni biyu. Ɗaya daga cikin biyun, Charles Nordstrom, shi ne ya auri Mollie Dwyer.

Mai awon ƙasa

Ya bar bariki ya nufi El Paso. Abin da ya koya a West Point ba mai iya tuɓe masa shi. Ya shiga aikin awon ƙasa da zanen taswira a arewacin Meksiko, cikin jihohin Chihuahua da Sonora. Cikin 1887 ya buɗe ofishinsa a Nogales, wani gari na Arizona da ke kan iyaka.

A wannan yanki rigimar fili ta yi yawa. Da can ƙasar ta Sifaniya ce, ta koma ta Meksiko, sannan ta zama ta Amurka. Sai mutum ya fito da wata tsohuwar takarda cikin Sifaniyanci, ya ce sarki ko gwamna ya ba kakansa fili mai faɗin tafiyar yini. Wasu takardun na gaske ne, wasu na jabu. Ana bukatar wanda ya iya harshen, ya san tsofaffin dokoki, ya kuma iya auna ƙasa. Flipper ya haɗa ukun. Lokacin da wasu suka ce filin da garin Nogales yake a kai nasu ne, shi ya tono takardu ya ba da shaida, mutanen gari suka tsira da gidajensu. Daga 1893 zuwa 1901 ya yi ma ma'aikatar shari'a ta Amurka wannan aiki. Ya fassara dokokin fili na Sifaniya da na Meksiko zuwa Ingilishi, aka buga su littafi. Gwamnatin da ta ce bai dace da kakinta ba, ita ce take dogara da shaidarsa a gaban alƙalai.

Cikin 1898 yaƙi ya tashi tsakanin Amurka da Sifaniya. Flipper ya aika da waya yana neman a mai da shi soja. Ba a karɓe shi ba. Shafter kuwa, wanda ya zama janar, shi aka ba jagorancin rundunar da ta tafi Kuba. Sau da yawa ana kai ma majalisa takardar neman a wanke sunan Flipper, kowane karo sai ta maƙale a hanya.

Ya ci gaba da neman abincinsa. Ya yi aikin injiniya a wuraren haƙar zinariya da azurfa na Meksiko. Cikin 1919 aka kira shi Washinton ya yi ma majalisar dattawa tafinta. Cikin 1921 ya zama mataimaki na musamman ga ministan cikin gida. Daga 1923 zuwa 1930 yana Benezuwela, yana aiki da wani kamfanin man fetur. Bai taɓa aure ba. Da tsufa ya zo, ya koma Atlanta cikin 1931, ya zauna gidan ƙanensa Joseph, babban limamin coci. A can ya rasu cikin 1940, yana da shekara 84. A takardar shaidar mutuwa, wurin da ake rubuta sana'ar mamaci, Joseph ya sa tsohon hafsan soja.

Bayan shekara 117

Shekaru suka shuɗe. Wani malamin makaranta na Jojiya, Ray MacColl, ya karanta labarin, abin ya tsaya masa a rai. Ya haɗa kai da dangin Flipper, suka tattara takardun shari'ar, suka kai ma hukumar soja. Cikin 1976 hukumar ta yarda cewa hukuncin ya yi tsanani kuma ba a yi adalci ba. Ta sauya takardar korar, ta mai da ita ta sallama cikin mutunci. Cikin 1977 aka kafa mutum-mutuminsa a West Point. Kowace shekara kuma ana ba da kyauta da sunansa ga ɗalibin da ya jure wahala mai yawa har ya gama. Cikin 1978 aka tono ƙasusuwansa daga Atlanta, aka kai su Thomasville inda aka haife shi, aka rufe su da faretin soja.

Saura abu guda: hukumar soja ba ta da ikon share laifin kansa, sai shugaban ƙasa. Ran 19 ga watan Fabrairu 1999, shugaba Bill Clinton ya sa hannu a takardar afuwa, a gaban dangin Flipper da Janar Colin Powell. Wannan ne karo na farko da shugaban Amurka ya yi ma mamaci afuwa.

Barikin kuwa bai daɗe ba bayan tafiyar Flipper. Jirgin ƙasa ya iso yammacin Teksas, amma ya bi ta wata hanya, ya bar Fort Davis a gefe. Yaƙi da Apaci ya ƙare, masu shanu suka cika ƙasar. Cikin 1887 aka yanke gundumar Jeff Davis, cikin 1891 soja suka kwashe kayansu suka tafi, suka bar gine-gine sama da ɗari. Iska da ruwa suka yi ta cin tubali. Cikin 1961 gwamnati ta sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa, aka gyara wasu ɗakunan, aka tokare sauran. Sararin samaniyar gundumar garau yake da dare, babu hayaƙi babu fitilu, shi ya sa aka gina gidan duban taurari na McDonald a kan wani dutse kusa da garin, aka buɗe shi cikin 1939. Baƙin da suka zo kallon taurari sukan biya ta barikin da rana. Ana nuna musu filin fareti, da ɗakin ajiyar abinci, da kangon ɗakin ibadar da aka yi shari'ar.